IDAN KATI YA CI KARO DA KATI, WA KE DA GASKIYA?

Duk wanda ya taɓa zama wurin da ake buga karta ya san dokokinta ba su da yawa. Kati 52 ne, iri huɗu, yaro ma in ya zauna yini guda yana lura, kafin magariba ya gane kansu. To, amma akwai wani wasan karta da aka ƙago a ƙasar Amurka wanda katunansa sun haura iri 20,000, kowane kati kuwa da tasa dokar a rubuce a jikinsa. Littafin da ya tattara ƙa'idodin wasan ya fi shafi 200, har ma akwai alƙalai waɗanda sai sun ci jarrabawa kafin a yarda su raba gardama a cikinsa. Sunan wasan Magic: The Gathering. Abin da muke so mu bayyana wa masu karatu yau shi ne yadda ake yanke hukunci idan kati biyu suka haɗu, wannan ya ce a yi, wancan ya ce kada a yi. Muna zaton akawuna da malaman makaranta, waɗanda kullum suna fama da takardu da ma'anar kalmomi, za su sami abin lura a ciki.

ASALIN WASAN

Wani masanin lissafi ne mai suna Richard Garfield ya ƙago wasan, kamfanin Wizards of the Coast na jihar Washinton kuma ya buga shi ya fitar a shekarar 1993. Kasuwarsa ta buɗe ƙwarai, har a shekarar 1999 babban kamfanin kayan wasa na Hasbro ya sayi kamfanin ɗungurungum. Mutanen Japan ma suka fito da nasu irin, watau katin Pokémon a 1996 da na Yu-Gi-Oh! a 1999.

Ga yadda ake yinsa a taƙaice. Mutum biyu ke zama, kowa ya zo da ƙunshin katunansa da ya zaɓa da kansa daga cikin waɗanda ya saya ko ya yi musaya. A yawancin gasa ƙunshin ba ya kasa kati 60, ba a kuma sa kati iri ɗaya fiye da huɗu, in ban da katunan ƙasa na asali. Tatsuniyar wasan ita ce wai matsafa biyu ne ke yaƙi, amma fa takarda ce da tawada kawai, babu wani asiri a ciki. Kowa yana farawa da rai 20 da kati bakwai a hannu. Wanda aka ƙarar da ransa ya sha kashi. Akwai katunan ƙasa, da su ake biyan farashin sauran katuna. Akwai katunan halitta, su ne mayaƙa, kowace da lamba biyu: ta farko ƙarfin bugunta, ta biyu juriyarta. Akwai katunan nan-take, waɗanda ake iya jefawa ko a cikin zagayen abokin karawa, da katunan sammu da na kayan aiki masu zama a kan tebur suna ta aiki. Katin da ya gama aikinsa, ko halittar da aka kashe, sai a ajiye a gefe, wurin da 'yan wasan ke kira makabarta.

Da farko akwai wata ƙa'ida mai kama da caca: kowa ya ware kati ɗaya, wanda ya ci wasa ya kwashe. Ba a daɗe ba aka kawar da ita daga gasa, tun bayan 1995 kuma ba a sake buga katin da ke aiki da ita ba. Amma gasa ta ci gaba da girma. An yi gasar duniya ta fari a 1994 a birnin Milwaukee, Zak Dolan ya cinye. Daga 1996 aka fara manyan gasanni masu kyautar dubban daloli. Da zarar kuɗi da suna sun shiga magana, dole a sami hukunci guda wanda zai hau kan kowa, ko a Amurka ake wasan, ko a Japan, ko a Faransa.

DOKA BIYU DA KE BISA SAURAN

Ta farko ita ce, idan abin da ke rubuce a jikin kati ya saɓa wa littafin dokoki, to kati ake bi. Littafi ya ce wanda ransa ya kai sifiri ya faɗi. Amma akwai wani kati na 2003 mai suna Platinum Angel, wanda ya ce mai shi ba ya faɗuwa, abokin karawarsa kuma ba ya ci. Muddin yana kan tebur, ko an ƙarar da ran mai shi har ya shiga bashi, wasa yana ci gaba. Da an kawar da katin kuwa, nan take dokar littafi ta dawo, shi ke nan ya faɗi.

Ta biyu ita ce, idan wani kati ya ba da izini wani kuma ya hana, hani ke rinjaye. A ce abokin karawar mai wancan kati ya jefa katin da ke cewa ya ci wasa. Ba zai ci ba, don kuwa akwai hani a tsaye a gabansa. Ba a duba wanda ya fi tsada, ba a kuma duba wanda ya riga zuwa.

TULI: NA ƘARSHEN ZUWA SHI KE FARA AIKI

Mafi yawan gardamar sababbin 'yan wasa a kan lokaci take. A shekarun farko dokokin lokaci sun cukurkuɗe ainun, sai a 1999 aka share su aka kawo tsari guda, wanda za mu kira tuli. Idan mutum ya jefa kati, ba ya aiki nan da nan. Sai a aza shi a kan tuli, a ba abokin karawa damar mayar da martani. In ya jefa nasa, sai a aza bisa na farko. Sai kowa ya ce ba shi da ƙari, sa'an nan a ɗauki na sama ya yi aiki, a sake ba kowa dama, a ɗauki na ƙarƙashinsa. Kamar dai fayil ne da aka jibge a kan teburin akawu, wanda masinja ya kawo a ƙarshe shi hannu ke fara taɓawa.

Ga misali da katuna uku na tun 1993. Audu yana da halitta mai suna Grizzly Bears, watau wata dabbar dajin Amurka, bugunta 2, juriyarta 2. Yana kuma riƙe da Giant Growth, wanda ke ƙara wa halitta bugu 3 da juriya 3 har ƙarshen zagaye. Bala yana riƙe da Lightning Bolt, watau aradu, mai yin rauni 3.

Idan Bala ya yi garaje ya fara jefa aradu, sai Audu ya aza katin girma a kai. Na Audu ke sama, shi zai fara aiki, dabba ta zama mai juriya 5. Aradu ta sauka ta yi rauni 3, dabba ta tsira, a ƙarshen zagaye kuma raunin ya warke. Amma idan Audu ne ya yi gaggawa ya fara jefa katin girma, sai Bala ya aza aradu a kai. Aradu ta tarar da dabba tana da juriya 2 ta kashe ta, katin girma ya zo bai sami wanda zai yi wa aiki ba, ya bi ta makabarta a banza. Katuna ukun nan ba su sake ba, wanda ya iya haƙuri shi ya ci riba. Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse.

ARADUN DA TA CECI ABIN DA TA ZO KASHEWA

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ruɗa mutane. A 2007 aka fitar da halitta mai suna Tarmogoyf. Ita ba ta da tsayayyar lamba. Ana ƙirga nau'o'in katunan da ke cikin makabartun duka 'yan wasa, adadin shi ne bugunta, juriyarta kuma adadin da ƙarin ɗaya. A ce a makabarta akwai katin ƙasa da katin halitta kaɗai. Nau'i biyu ke nan, saboda haka bugunta 2, juriyarta 3. Bala ya duba ya ga rauni 3 ya isa, ya jefa aradu. Ta mutu ko ba ta mutu ba?

Alƙali zai ce tana nan da ranta. Dalili shi ne, a dokar wasan ba a duba ko rauni ya kashe halitta ana tsakiyar aikin kati, sai katin ya gama sarai. Matakin ƙarshe na aikin aradu kuwa shi ne shigarta makabarta. Da shigarta sai nau'i na uku ya samu, watau katin nan-take. Sa'ad da aka zo dubawa, juriyar halittar ta riga ta zama 4, rauni kuwa 3 ne. Bala ya yi hasarar katinsa, ya kuma ƙara wa abokiyar gabarsa ƙarfi. Da akwai wani katin nan-take a makabarta tun farko, da juriyarta ba ta ƙaru ba, lissafin kuma ya sake. Shi ya sa gwanaye ke leƙa makabarta kafin su ɗaga hannu.

HAWA BAKWAI

Tuli yana raba gardamar katunan da ke aiki sau ɗaya su wuce. To, ina labarin waɗanda ke zaune a kan tebur suna aiki tare a kowane lokaci? Nan ne aka shimfiɗa wani tsari mai hawa bakwai, kamar bene, ana binsa daga ƙasa zuwa sama. Hawa na 1, abin da ya kwaikwayi wani kati. Na 2, canjin mai iko da kati. Na 3, canjin kalmomin da ke jikinsa. Na 4, canjin nau'insa. Na 5, canjin launi. Na 6, ƙara masa iyawa ko ƙwace ta. Na 7, bugu da juriya. Idan kati biyu suka haɗu a hawa ɗaya, sai a duba wanda ya riga shigowa tebur a fara da shi, na baya ya zo ya rufe. Duk akawun da ya saba buga hatimin kwanan wata a kan wasiƙar da ta iso ofis ya san amfanin wannan.

Shahararriyar matsalar wannan babi ita ce ta Humility, na 1997, da Opalescence, na 1999. Dukansu katunan sammu ne, farashin kowane 4. Humility ya ce kowace halitta ta rasa iyawarta duka, ta koma bugu 1 juriya 1. Opalescence kuma yana mai da sauran katunan sammu irin su Humility halittu, bugunsu da juriyarsu daidai da farashinsu. To, in an haɗa su fa? Opalescence ya mai da Humility halitta. Tun da ya zama halitta, dokarsa ta hau kansa, ya rasa iyawarsa. In kuwa ya rasa iyawarsa, wa zai hana shi ita? In ta dawo kuma, sai ta sake ƙwace kanta. Shekaru aka yi 'yan wasa suna juya wannan magana kamar waina a tanda.

Ga yadda hawa bakwai ke warware ta. A hawa na 4 Humility ya zama halitta. A hawa na 6 ya ƙwace iyawar dukan halittu, har da tasa. Sai dai akwai ƙa'idar da ta ce aikin da ya riga ya fara a wani hawa yana ci gaba a hawan da ke sama, ko da an ƙwace iyawar da ta haife shi. Saboda haka a hawa na 7 dukansu biyu suna da ta cewa a kan lambobin Humility, sai a koma ga hatimin lokaci. In Humility ne ya shigo daga baya, lambobinsa 1 da 1. In Opalescence ne na baya, lambobin Humility 4 da 4, sauran halittu na ainihi kuwa suna nan a 1 da 1.

Amma lokaci ma yana da iyaka. Katunan ƙasa na asali iri biyar ne: fili, tsibiri, fadama, dutse da kurmi. Blood Moon, na 1994, ya ce duk ƙasar da ba ta asali ba ta zama dutse, abin da ke shafe iyawar da aka rubuta mata. Urborg, Tomb of Yawgmoth, na 2007, katin ƙasa ne wanda ba na asali ba, ya ce kowace ƙasa fadama ce ƙari a kan abin da take. Dukansu a hawa na 4 suke. Mai Urborg zai so a duba lokaci in shi ya riga shigowa, ko ya ce nasa ne ya rufe in shi ne na baya. Alƙali ba zai saurari ko ɗaya ba. Tun da aikin Blood Moon yana iya shafe iyawar Urborg, na Urborg kuwa ba ya taɓa Blood Moon, to Urborg ya dogara ga ɗan'uwansa, dole ya jira shi ya fara. Kafin layi ya zo kansa ya riga ya zama dutse, ba shi da sauran magana.

NAUYIN KALMA ƊAYA

Malaman da ke koyar da nahawu za su ji daɗin wannan. A jikin katin Magic kowace ƙaramar kalma da aikinta. In an ga ɗigo biyu a tsakiyar jimla, abin da ke gabansu farashi ne da mai kati zai biya da ganin damarsa, abin da ke bayansu kuma shi ne ladan. In jimla ta fara da kalmar Turanci mai ma'anar “sa'ad da” ko “duk lokacin da”, aikin yana tashi da kansa ya hau tuli, ana iya mayar masa da martani. In kuwa an ga mai ma'anar “a maimakon”, ba ya hawa tuli sam, yana sauya abin ne kafin ya auku. A wasan Yu-Gi-Oh! ma akwai irin wannan. Katin da ya ce “sa'ad da kaza ya faru kana iya yin kaza” yana rasa damarsa in wani abu ya shiga tsakani, amma wanda ya ce “idan kaza ya faru” ba ya rasawa.

Har wa yau, kamfanin Magic yana da rajista guda da ake kira Oracle, inda aka rubuta ingantaccen lafazin kowane kati. In an gyara lafazin tsohon kati, abin da ke cikin rajista ake bi, ko da takardar da ke hannunka ta ce wani abu dabam. Ana buga katunan cikin harsuna da dama, amma in gardama ta tashi lafazin Turanci na rajistar shi ne hujja.

Wani abu da ya faru a wata gasa a Amurka a 2016 ya nuna inda bin harafi ke iya kai mutane. Akwai katin kayan aiki mai suna Pithing Needle, watau allura. Mai jefa shi yakan ambaci sunan wani kati, daga nan ba a iya biyan farashi a ta da iyawar katin da aka ambata. Wani ɗan wasa ya san abokin karawarsa ya dogara ga Borborygmos Enraged, sai ya jefa allura ya ce “Borborygmos” ya yi shiru. Ashe akwai wani tsohon kati na 2006 wanda sunansa ke nan cif, ba ƙari. Hukunci ya tsaya a kan cewa tsohon katin ya ambata. Allura ta tashi a banza, abokin karawa ya yi aiki da katinsa ba abin da ya tare shi.

Magana ta yi zafi a tsakanin 'yan wasa. Waɗansu suka ce abin da baki ya furta shi ke kama mutum, in aka fara bin abin da ke zuciya ba ranar da gardama za ta ƙare. Waɗansu suka ce kowa a wurin ya san katin da ake nufi, bai kamata santsin harshe ya raba mutum da haƙƙinsa ba. Daga baya aka gyara dokar gasa. Yanzu ba a ɗauka an ambaci kati sai bayanin ya dace da kati ɗaya tak, in kuwa da shubuha, wajibi ne abokin karawa ko alƙali ya nemi a fayyace. Abin lura a nan shi ne ba a warware hukuncin ranar ba. An bar shi yadda dokar lokacin ta tanada, aka gyara dokar saboda gobe.

ALƘALI DA ƊAUKAKA ƘARA

A wurin gasa, in an sami saɓani, ba a cacar baki. Ɗan wasa ya ɗaga hannu ya kira alƙali, a bar katuna yadda suke. Alƙali ya ji ta bakin kowa, ya duba rajista da littafi, ya yanke. Wanda bai gamsu ba yana da ikon ɗaukaka ƙara zuwa ga babban alƙalin gasar, maganarsa kuwa ita ce ta ƙarshe a wannan rana. A manyan gasanni horo hawa-hawa ne: gargaɗi, ko hasarar wasa ɗaya, ko hasarar karawar duka, ko kora ga wanda aka kama da maguɗi. Alƙali yana iya gaya maka abin da doka ta ce, amma ba ya gaya maka katin da ya kamata ka jefa.

Duk da wannan tanadi, wasan ya fi ƙarfin a ce an gama gano shi. A 2019 Alex Churchill da abokan bincikensa biyu suka nuna cewa ana iya jera katunan Magic su yi lissafi kamar kwamfuta, har a kai matsayin da babu wata dabarar lissafi da za ta iya faɗin wanda zai ci a kowane hali. Littafin dokoki ma ya san akwai inda katuna kan shiga zagaye marar iyaka wanda ba mai ikon tsayar da shi. Hukuncinsa a nan gajere ne: an yi canjaras.

To, jama'a, kun ji yadda mutanen wannan wasa suka yi da dubban dokokinsu. Ba su rubuta amsar kowace haɗuwa ba, don kuwa ba takardar da za ta ɗauka. Sun tsayar da 'yan tambayoyi ne da ake bi a jere: me aka rubuta, a wane hawa yake aiki, wa ya dogara ga wani, wa ya riga zuwa. Yaro ɗan shekara goma sha biyu in ya riƙe su yana iya kayar da dattijo a gardama, dattijon kuma ya yarda, domin ga shi a rubuce. Akawun da zai tsara sanarwa gobe da safe, ko malamin da zai rubuta tambayar jarrabawa, ya tuna da mai allura, ya sake karanta jimlarsa ya ga ko tana iya ɗaukar ma'ana biyu kafin ya sa hannu.